Rumbun Gandu a Cikin Kwamfuta: Taƙaitaccen Tarihin Taskokin Tarayya

Manomin Kwatarkwashi ya san bambancin gayauna da gandu. Amfanin gayauna na mutum ɗaya ne, amma rumbun gandu gida duka ke ci daga gare shi, shi ya sa ɗibansa yake hannun maigida. Wannan misali ya dace da wani babi na tarihin kwamfuta.

A da, kowace manhaja takan ɗauki nata kwafin umarnin da take bukata, kamar na buga rubutu ko na lissafi, sai wuri ya cika da maimaici. Tun cikin shekarun 1960 masu tsara Multics a Amurka suka fito da dabarar ajiye irin wannan umarni wuri guda, watau taskar tarayya, manhajoji su riƙa ɗiba idan bukata ta taso. Kamfanin Sun ya shigar da dabarar cikin SunOS 4.0 a shekarar 1988.

To, amma sai wata matsala ta kunno kai. Idan aka sāke fasalin taska, tsofaffin manhajojin da suka dogara da ita sukan daina aiki. Tsarin Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, ya magance wannan da ƙa'ida: lambar fasalin taska ta shiga sunan ƙunshinta, kuma kowane ƙunshi ya bayyana taskokin da yake bukata. Ta haka ne, lokacin da Debian 2.0 ya koma libc6 a 1998, aka bar libc5 kusa da ita har tsofaffin manhajoji suka yi ƙaura.

Alherin tarayya da haɗarinta duk sun bayyana daga baya. A watan Afrilu na 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a taskar OpenSSL. Sabunta ƙunshi ɗaya ya toshe ta ga duk manhajojin da ke ɗiba daga can. A watan Maris na 2024 kuwa, Andres Freund ya bankaɗo ƙofar sirri da aka dasa cikin taskar liblzma, kafin ta kai ga tabbataccen bugun Debian.

Abin lura ga ɗalibi da ma'aikacin gwamnati shi ne, kwamfutar ofis tana dogara da amanar masu kula da waɗannan taskoki, waɗanda da yawansu 'yan sa-kai ne. Idan gara ta shiga rumbun gandu, gida duka ne zai kwana da yunwa.