Yadda aka koma murɗa kilomitar mota da kwamfuta

A da, agogon da ke ƙirga tafiyar mota 'yan ƙananan gare-gare ne masu lambobi, wani kebul daga giyabos ke juya su. Dillali marar amana sai ya kwance gaban mota ya mayar da lambobin baya da hannu. Abin ya yi ƙamari a Amurka har aka kafa dokar tarayya da ta haramta shi a 1972.

Da agogon lantarki ya yaɗu a shekarun 1990, lissafin ya koma cikin wani ɗan guntun ƙwaƙwalwa mai ƙafa takwas, EEPROM, wanda ba ya mantuwa ko an cire batir. Ɗauki 93C46: bayit 128 kacal yake ɗauka. Sai dai an ƙera shi ne don a goge a sake rubutawa, to ka ga matsalar. Makaniken da ya canja agogon da ya ƙone yana buƙatar haka don ya mayar da kilomitar gaskiya, ɓarawo ma da ƙofar yake shiga.

BMW ta koma amfani da M35080, wanda sashen kilomitarsa ba ya karɓar lambar da ta gaza wadda ke ciki. Masu maguɗi suka riƙa cire shi da dalma su dasa sabo.

A ganina Beljiyam ce ta gano bakin zaren: tun 2006 garejoji ke aika kilomitar kowace mota zuwa rajistar Car-Pass. Amma motar da aka sauke a Kwatano aka kawo Kano, wa ke tambayar takardar?