Daga Takarda Zuwa Waya: Tarihin Labaran Almara Masu Zane a Koriya ta Kudu

Labari mai zane, wato labarin da ake bayarwa ta jerin hotunan da aka zana tare da rubuta maganganun mutanen cikinsa, ya daɗe a Koriya ta Kudu, inda ake kiransa manhwa, sai dai bai samu daraja da wuri ba. A zamanin mulkin Park Chung-hee hukumomi sun ɗauke shi abin da ke ɓata tarbiyyar yara, har akan tara littattafansa a ƙona a bainar jama'a, kuma wannan kallo bai gushe ba ko bayan dawowar mulkin farar hula, domin a 1997 masu gabatar da ƙara sun taso wa shahararren mai zane Lee Hyun-se a kan wani dogon labarinsa da ya ginu bisa almarar farkon duniya, suna zarginsa da batsa, shari'ar da ba ta ƙare ba sai a 2003 da kotun ƙoli ta tabbatar da wanke shi.

A ƙarshen 1997 tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, mujallun manhwa suka rinƙa rufewa, shagunan hayar littattafai suka yawaita har saye ya ragu, sannan daga 1998 gwamnatin Kim Dae-jung ta fara buɗe ƙofa ga kayan nishaɗin Japan, waɗanda suka ƙara matse 'yan gida. Amma wannan gwamnati ce kuma ta zuba dukiya wajen shimfiɗa intanet mai sauri, don haka masu zanen da suka rasa masu buga ayyukansu suka koma intanet. Kamfanin Daum ya buɗe musu dandali a 2003, inda labarin soyayya na Kang Full ya nuna cewa mutane za su bi dogon labari a kwamfuta, kamfanin Naver ya biyo baya a 2004, kuma wannan sabon nau'i shi ne aka sani da webtoon. Karatu kyauta ne a lokacin, domin abin da kamfanonin ke nema shi ne cunkoson masu ziyara da kuɗin talla, shi kuwa mai zane ana biyansa ladan aikinsa.

Babban abin da ya raba webtoon da littafi shi ne fasali. Maimakon shafi mai gidaje da yawa da ido ke bi daga gefe zuwa gefe, sai aka jera hotunan a tsaye, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, mai karatu yana jansu sama, kuma tazarar da aka bari tsakanin hoto da hoto ta zama ma'aunin lokaci: gajeriyar tazara tana gaggauta faɗa, doguwa kuma tana jinkirta bayyanar dodo har sai zuciya ta ɗauki zafi. Da wayar salula mai allon taɓawa ta yaɗu bayan 2010, sai ta tarar da fasalin da ya dace da ita a shirye. Almara, wato labarin da ke gudana a duniyar tsafi, aljanu da halittun da babu su a zahiri, ta fi kowane nau'i amfana da wannan, saboda faɗowa daga sama ko hawan dogon gini abu ne da shafin takarda ba ya iya nunawa yadda allon da ba shi da ƙarshe ke yi.

Ba mamaki ke nan da ɗaya daga cikin manyan ayyukan farko ya kasance labarin hawan hasumiya. Tower of God, wanda Lee Jong-hui mai laƙabin SIU ya fara a Naver a Yunin 2010, yana bin wani yaro da ya shiga hasumiyar da kowane hawanta ke da jarrabawarsa. A shekarar ce kuma Joo Ho-min ya fara Along with the Gods, wanda ya ɗauko daga tsohuwar aƙidar Koriya game da lahira, inda mamaci ke fuskantar shari'a bakwai cikin kwana 49, kuma fim ɗin da aka yi daga gare shi a 2017 ya sayar da tikiti sama da miliyan 14. Waɗannan ayyuka na mutanen da suka riƙe labari da zane a hannunsu ne, shi ya sa kowannensu ke da muryar da ba a rikita ta da ta wani.

Kuɗi ne ya sauya wannan. Dandalin Lezhin Comics ya shigo da tsarin biya a 2013, sannan a 2014 dandalin KakaoPage ya fito da dabarar da ta mamaye kasuwa: wanda ya iya jira zai karanta kashi na gaba kyauta bayan wani lokaci, wanda ya ƙosa kuwa sai ya biya. Tunda riba ta koma kan ƙosawar mai karatu, dole kowane kashi ya ƙare a inda rai ke son ƙari, kuma kamfanoni suka gwammace labarin da ya riga ya karɓu a rubuce, su miƙa shi ga ɗakin zane inda wani ke tsara hotuna, wani ya ja layi, wani ya sa launi, wani kuma ya gina bango. Solo Leveling shi ne fitaccen misali: Chugong ya rubuta shi, Jang Sung-rak mai laƙabin Dubu na Redice Studio ya jagoranci zanensa daga Maris 2018 zuwa Disamba 2021, kuma labarin mafaraucin dodanni mafi rauni da ke ƙara ƙarfi mataki-mataki kamar a wasan kwamfuta ya haifar da kwaikwayo masu yawa, waɗanda, a gaskiya, akasarinsu sun ɗauki kyan launinsa ne suka bar ƙwarewarsa wajen tsara motsi.

Kashi guda a kowane mako, mai hotuna masu launi da sukan kai sittin ko su zarce, nauyi ne da jiki ke biya. SIU ya dakatar da aikinsa kusan shekara guda daga tsakiyar 2020 saboda rashin lafiya, kuma rasuwar Dubu a Yulin 2022 sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, wadda ɗakin zanensa ya danganta da wata daɗaɗɗiyar cuta, ta sake tayar da muhawara a kan yawan aiki da hutun masu zane.

Fasalin ya riga ya ƙetare teku tun 2014, lokacin da Naver ya buɗe dandalinsa na Turanci, wanda a kansa Rachel Smythe 'yar New Zealand ta fitar da Lore Olympus daga 2018, ta sake ba da almarar Girkawa ta Hades da Persephone, ta kuma ci kyautar Eisner ta Amurka sau uku a jere daga 2022. A Yunin 2024 aka fara sayar da hannun jarin Webtoon Entertainment a kasuwar Nasdaq ta New York.