Haƙori Mai Tafiya da Haƙori Mai Tsayuwa: Yadda Waya da Dashe Suka Haɗu a Baki Ɗaya

Mutum ya rasa haƙorinsa na turmi na ƙasa shekaru da dama da suka wuce. Ya tara kuɗi, ya je wurin likitan haƙori yana so a dasa masa wani. Likita ya ɗaga hoton ƙashi ya nuna masa cewa wurin ya cushe. Haƙorin baya ya kwanto cikin giɓin, na sama da ya rasa abokin tauna ya zazzago ƙasa, don haka sai an ɗaura masa waya ta shekara guda ko fiye an buɗe wurin kafin a yi maganar dashe. Da yawa ransu yakan ɓaci a nan, su ce sun zo neman abu ɗaya an ɗora musu biyu. Amma wannan tsari na waya tukuna sannan dashe yana da asali. Ya fito ne daga sana'o'i biyu da suka daɗe kowace na bin hanyarta. Ɗaya ta dogara da cewa haƙori yana motsi. Ɗaya kuwa ba ta ci nasara ba sai da ta sami abin da ba ya motsi ko kaɗan.

Masu gyaran jerin haƙora su suka riga gane abin da suke nema. Tun a ƙarni na farko na Miladiyya marubucin Rum, Celsus, ya ba da shawarar cewa idan haƙorin yaro ya fito a karkace, a riƙa tura shi da yatsa kullum har ya koma layi. A 1728 likitan Faransa Pierre Fauchard ya bayyana wani lanƙwasasshen ƙarfe mai siffar kofaton doki da ake ɗaure haƙora a jikinsa da zare. Wanda ya mai da abin sana'a mai zaman kanta shi ne Ba'amurke Edward Angle. A 1899 ya kasa rashin daidaiton cizo gida uku, rabon da har yau ake amfani da shi, ya buɗe makaranta a Sent Luwis a 1900, sannan a 1928 ya fito da 'yan ƙarafa masu tsaga da ake zura waya mai kusurwa huɗu a ciki. Wayar da ake gani a bakin matasa yau jikanyar wannan ce. Abin da ya ƙaru daga baya sauƙi ne: manne ƙarafan a fuskar haƙori da gam maimakon zagaye kowane haƙori da zobe, da kuma waya mai laushi ta nikel da taitaniyam da George Andreasen na Jami'ar Ayowa ya shigo da ita a farkon shekarun 1970.

Dalilin da ya sa haƙori ke yarda ya yi tafiya kuwa, wani ɗan Suwidin mai suna Carl Sandstedt ne ya nuna shi a 1904, bayan ya gwada a kan kare ya duba ƙashin da madubin likita. Haƙori ba a kafe yake a cikin ƙashi ba. A rataye yake cikin raminsa da wasu siraran zaruruwa waɗanda kaurin shimfiɗarsu kimanin kashi ɗaya cikin biyar na milimita ne. In aka danna haƙori a hankali, ba sassautawa, ɓangaren da zaruruwan suka matse sai jiki ya turo ƙwayoyin da ke cinye ƙashi su share hanya, ɓangaren da suka miƙe kuma a gina sabon ƙashi a cike baya. Da haka haƙori ke ratsa ƙashi da raminsa gaba ɗaya, kimanin milimita ɗaya a wata.

Sai dai akwai matsalar da ta hana masu wannan aiki barci tun zamanin Angle. Duk abin da za ka ja, sai ka dogara da wani abu, kuma abin da ka dogara da shi ma yana jawuwa. In aka ɗaure haƙoran gaba a jikin turame don a ja su baya, turamen ma sai su gangaro gaba su cinye wurin da aka buɗe. Kamar mai ɗaure bijimi ne a jikin akuya: babu turke a bakin, duk abin da ke ciki mai tafiya ne. Shi ya sa aka koma dogara da ƙeya da wuya, aka ƙera wata ɗamara da yaro zai sa a kai, ƙarfe ya fito daga bakinsa, ya kwana da shi ya kuma yini da shi in zai yiwu, awa 12 zuwa 14 a rana. Wanda ya san halin ɗan shekara goma sha uku ya san inda wannan ɗamara ke ƙarewa. Ƙarƙashin gado.

Masu dashe kuwa tarihinsu cike yake da faɗuwa. A 1931, a Honduras, Wilson Popenoe da matarsa sun haƙo muƙamuƙin wani mutumin ƙabilar Maya na wajen shekara ta 600, da gutsattsarin ɓawon kifin teku uku a gurbin haƙoran gaba. An ɗauka bayan mutuwa aka sa su don biso, sai a 1970 Amadeo Bobbio na Burazil ya ɗauki hotonsu ya ga ƙashi ya tsiro ya rungumi biyu daga ciki, wato da rai aka dasa su. A Ingila ta ƙarni na 18 an bi wata hanya mai muni: a sayi lafiyayyen haƙori daga bakin talaka, a cire shi nan take, a cusa a ramin na mai kuɗi. Shahararren likitan fiɗa John Hunter ya goyi bayan wannan, har ya dasa haƙorin mutum a zankon zakara don ya nuna zai kama. Yawancin haƙoran sun faɗi, wasu kuma sun tafi da ciwon tunjere daga baki zuwa baki. An gwada zinariya, an gwada filatinam. A ƙarshen shekarun 1930 'yan'uwan nan biyu na Boston, Alvin da Moses Strock, sun ɗaura sukurori na wani gamin ƙarfe da ake kira Vitallium, wasu sun ɗan jima.

A nan ne hanyoyin biyu suka fara gittawa. A 1945, a Jami'ar Ayowa, Gainsforth da Higley suka ce tunda ana iya ɗaura sukuru a ƙashi, me zai hana a mai da shi turke? Suka ɗaura sukurorin Vitallium a muƙamuƙin karnuka shida, suka ja fiƙoƙinsu daga jiki. Cikin kusan wata guda duk sukurorin suka saki. Tunanin daidai ne, ƙarfen ne bai dace ba, kuma aka jingine maganar shekaru da yawa.

Wanda ya samo ƙarfen ba likitan haƙori ba ne. Per-Ingvar Brånemark yana nazarin yadda jini ke gudana cikin ɓargo ne a Jami'ar Lund ta Suwidin, a 1952, inda yake dasa wani ɗan madubi mai gidan taitaniyam a ƙashin ƙafar zomo. Da ya gama ya zo cire kayansa masu tsada, suka ƙi fita. Ƙashi ya manne da ƙarfen kai tsaye, babu wata tsoka ko zare a tsakaninsu. Ya yi shekaru yana bin diddigin abin kafin ya taɓa ɗan Adam. A 1965, a Gotenbag, ya dasa sukurori huɗu a muƙamuƙin ƙasa na wani mutum mai suna Gösta Larsson, wanda aka haifa da nakasar baki kuma ba shi da haƙoran ƙasa. Larsson ya ci abinci da su shekara 40, ya rasu da su a 2006. Duk da haka likitocin haƙora na ƙasarsa sun daɗe suna yi wa Brånemark kallon mai shiga gonar da ba tasa ba, kuma ba laifinsu ba ne gaba ɗaya, don sun sha ganin dashe yana ruɓar da muƙamuƙi. Sai bayan taron da George Zarb ya shirya a Toronto a 1982, inda aka baje sakamakon shekaru goma sha biyar, sannan duniya ta karɓa. Ƙa'idarsa mai tsauri ce: a huda ƙashi a hankali ana kwarara ruwa kada ya ɗau zafi, a rufe sukurun da dasashi, a bar shi wata uku a ƙasa ko wata shida a sama kafin a ɗora masa haƙori.

Abin da ya ba dashe ƙarfinsa shi ne kuma ya zama ƙaiƙayinsa. Tunda babu zaruruwan nan tsakaninsa da ƙashi, babu wayar da za ta matsar da shi. Inda aka sa shi nan zai zauna. An ga haka ƙarara a Gotenbag ɗin dai, inda Birgit Thilander da abokan aikinta suka dasa sukurori a bakin 'ya'yan aladu masu girma a farkon shekarun 1990, sannan suka bi matasan da aka yi wa dashe shekara da shekaru. Muƙamuƙi na girma, haƙoran asali na bin sa suna ƙara fitowa, dasasshen kuwa yana nan inda aka bar shi, har ya zama gajere a tsakanin 'yan'uwansa, dasashinsa ya haye sama. Daga nan aka kafa dokar da ake bi yau, cewa ba a yi wa yaro dashe sai girman fuska ya tsaya, galibi ƙarshen shekarun goma sha ga 'yan mata, samari kuma har su shiga ashirin.

Wannan doka ta fi shafar waɗanda aka haifa ba su da wani haƙori tun asali. Mafi yawan wanda ake rasawa a gaba shi ne ƙaramin haƙorin sama da ke tsakanin babban na tsakiya da fiƙa, kuma wajen mutum biyu cikin ɗari ke da wannan. Vincent Kokich na Jami'ar Washinton da ke Siyatil ya yi suna wajen koya wa mai waya da mai dashe su zauna teburi ɗaya kafin a taɓa bakin. Aikin mai waya shi ne ya buɗe wuri na kimanin milimita 6 zuwa 7, kuma ba a saman kawai ba. Dole saiwoyin haƙoran da ke gefe su miƙe su yi nesa da juna a can cikin ƙashi, don sukuru na son tazarar milimita ɗaya da rabi daga kowace saiwa. Sau da yawa ido zai ga giɓi wadatacce, hoto kuma ya nuna saiwoyin sun sunkuyo sun haɗa kai a ƙasa, sai a mayar da wayar. Akwai kuma wata riba da aka lura da ita. In aka bar fiƙa ta fito a gurbin haƙorin da babu, sannan aka ja ta baya zuwa wurinta, tana barin ƙashi mai kauri a sawunta, wanda dashe zai zauna a ciki ba sai an yi ciko ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙashin da aka cire wa haƙori yana iya rasa rabin faɗinsa cikin shekara guda. Tsakanin cire waya da ranar dashe, yarinya kan yi shekaru da haƙorin roba manne a jikin abin riƙe haƙora, tana cire shi in za ta ci abinci.

Ba kowane fili a baki ne ke neman cikewa ba, balle a wurinmu da ake yi wa wushirya kirari. Haka shi ma haƙorin Makka ba dashe ba ne, hula ce ake sa wa haƙori mai saiwarsa, saboda haka waya tana iya tafiya da shi kamar sauran.

Tunanin 1945 bai mutu ba. Daga baya aka dawo masa. A 1983 Creekmore da Eklund sun ɗaura ɗan sukuru a ƙashin da ke ƙarƙashin hanci suka ɗaga haƙoran gaban wani majiyyaci sama, motsin da ke da matuƙar wuya da waya kaɗai. Eugene Roberts ya dasa sukuru a bayan turmi na ƙarshe ya jawo turame gaba suka rufe giɓi. Amma dashe na sosai yana da kauri da tsada, kuma cire shi fiɗa ce. Mafita ta zo daga gabashin Asiya. A 1997 Ryuzo Kanomi na Japan ya bayyana sukuru mai kaurin milimita 1.2 kacal, wanda zai shiga tsakanin saiwoyi biyu, likitocin Koriya ta Kudu irin su Park Hyo-Sang da Kyung Hee-Moon na Daegu kuma suka yaɗa shi. Abin dariya a nan shi ne, bayan duk wahalar da aka sha kafin a sa ƙashi ya manne da ƙarfe, waɗannan ƙananan an ƙera su ne da santsi don kada ya manne sosai. Ana ɗaura su cikin 'yan mintoci da allurar kashe zafi kaɗan, a rataya musu roba ko sifirin, in aiki ya ƙare a warware su. Wajen 13 cikin 100 sukan saki kafin lokaci, sai a sake ɗaurawa a wani wuri. Su ne suka rage wa ɗamarar kai kasuwa.

Saboda haka yau dashe yana iya zuwa kafin waya ko a tsakiyarta, amma sai an riga an san inda kowane haƙori zai tsaya a ƙarshe. Akan zuba bakin a allo ko a kwamfuta, a jera haƙoran yadda ake so su kasance, a sa sukurun a wurin da ya dace da wancan jerin, ba da na yanzu ba, sannan a ja sauran daga jikinsa. Wanda kuma ya riga ya yi dashe shekarun baya yana iya sa waya, sai dai za a tsara komai ne a kewaye da wannan haƙori guda, wani lokaci a canza masa hula a ƙarshe don ya shiga layi.

Gardamar da ta rage ta haƙoran gaba ce. An gano cewa fuska ba ta daina canzawa gaba ɗaya ko bayan shekara talatin, haƙoran asali na ci gaba da fitowa kaɗan-kaɗan, don haka dashen da ya yi kyau a bakin 'yar shekara ashirin yana iya gajarcewa idan ta kai arba'in, dasashin ma ya yi duhu. Bisa wannan ne Bjørn Zachrisson na Oslo da Marco Rosa na Italiya suka daɗe suna cewa, inda baki ya ba da dama, gara a jawo fiƙa gaba da waya ta rufe giɓin, a goge tsininta a gyara mata siffa da launi, a bar maganar sukuru a gaban baki. Masu dashe suna amsawa da cewa fiƙa ta fi faɗi da duhu, kuma ba kowane cizo ne zai yarda da wannan ba. A yawancin asibitoci ana yanke shawarar ne bayan an duba tsawon leɓe, da yawan dasashin da ke bayyana in mutum ya yi dariya, da launin fiƙar, da kuma shekarunsa.