Mamatan da Ba Su Shiga Littafi Ba

A shekarar 1898 Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniyar da ta bar garin Illo a hannun Turawan Ingila. Daga nan aka shata iyakar da a yau ta raba Bagudo da Jamhuriyar Benin. Tun lokacin, abin da hukuma ta fi iya ƙirgawa a bakin iyaka shi ne kaya: a da goro da gishiri, daga baya shinkafa da fetur, yanzu har da ƙwayar tiramol, wadda tashar ruwan Kwatano ke cikin hanyoyin shigowarta yankinmu. Ana sanin katan nawa aka kama. Waɗanda ƙwayar ta kashe fa?

Ƙirga mamata bisa sanadi ɗaɗɗen ilimi ne. A 1893 wani Bafaranshe, Jacques Bertillon, ya fitar da jerin sanadin mutuwa domin ƙasashe su riƙa rubutawa iri ɗaya. A 1948 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamar jerin, wanda ake kira ICD. A cikinsa guba daga ƙwayoyi dangin kodin da tiramol na da lambobinta. Da wannan tsari Amurka ta gano cewa irin waɗannan ƙwayoyi sun hallaka mata mutum sama da 80,000 a 2021.

Najeriya ta kafa dokar tilasta rajistar haihuwa da mutuwa a 1992. Ta haramta maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar a shekarar ya nuna mutum miliyan 4.6 na shan irin waɗannan ƙwayoyi ba da izinin likita ba. Amma rayayyu binciken ya ƙirga.

A ce saurayi a Tsamiya ko Lolo ya haɗiyi ƙwaya don ya jure aiki, jijjiga ta kama shi a kan babur. Sai a ce hatsari ne. Wani ya kwanta bai tashi ba, a ce kwana ya ƙare. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa, iyaye sun rufa wa kansu asiri.

Ajali gaskiya ne, amma yana zuwa da sababi. Muddin asibitin Bagudo da na Birnin Kebbi ba su rubuta sababin da suna ɗaya ba, ba za a san girman ɓarnar ba, balle a ware mata kuɗin magani.