Gwajin PCR na cututtukan numfashi a Maraɗi

Gwajin PCR hanya ce ta gano ƙwayar bairos daga sinadarin gadonta. Kary Mullis na Amurka ne ya ƙirƙiro dabarar a 1983. Ana lakato majina daga can cikin hanci da tsinke na musamman, na'ura ta riɓanya sinadarin sau miliyoyi har a gane shi. Da haka ake bambance mura mai tsanani da korona da RSV mai sarƙe ƙirjin jarirai, cututtukan da alamunsu ke kama da juna, musamman da hunturu. Amfanin ba ƙarami ba ne, domin maganin kashe bakteriya ba ya taɓa bairos.

A Nijar, cibiyar CERMES da ke Yamai ce babban ɗakin binciken mura, kuma ta fara sa ido kan cutar a 2009. An tabbatar da korona a ƙasar ranar 19 ga Maris, 2020.

Matsalar Maraɗi nisa ce: fiye da kilomita 600 ke tsakaninta da Yamai, kuma zafi na lalata samfur. Wanda aka ɗauka a garuruwan yankin kamar Tibiri ko Jiratawa dole ya yi tafiyarsa zuwa ɗakin bincike cikin akwatin ƙanƙara.