Yadda Damin Katuna Masu Araha Ya Sauya Wasan Magic

A shekarar 1993 kamfanin Wizards of the Coast na Amurka ya fito da wani wasan kati mai suna Magic: The Gathering, wanda masanin lissafi Richard Garfield ya ƙirƙira. Bambancinsa da karta a fili yake. A karta, 'yan wasa duka suna ja ne daga dami ɗaya. A Magic kuwa, kowa shi ke sayen katunansa a rufaffun fakiti, ya yi musanya da abokai, ya haɗa daminsa a gida, sannan ya zo ya fuskanci abokin karawa. Tun a watannin farko tambaya ta taso: shin gwani ne zai riƙa yin nasara, ko mai kuɗin sayen fakiti?

Tsarin wasan bai da wuyar fahimta. Kowane ɗan wasa yana farawa da makin rai 20 da katuna 7 a hannu, yana kuma jan kati ɗaya a kowane zagaye. Kowane kati na da farashi, kuma da makamashi ake biya. Makamashin yana fitowa daga katunan fili, waɗanda ba a ajiye fiye da ɗaya a zagaye. Wato a zagaye na farko mutum na da ƙwaya ɗaya ta kashewa, a na biyu ƙwaya biyu, haka dai abin ke hauhawa. Wanda ya ƙarar da makin ran abokin karawarsa ya ci.

Garfield ya yi zaton mutum zai sayi fakiti kaɗan ne ya yi wasa da maƙwabtansa, don haka ƙa'idar farko ta ce dami kada ya gaza kati 40, ba ta kuma iyakance yawan maimaita kati ba. Zaton bai tabbata ba. Mutane suka riƙa sayen kwali-kwali, suna tara katunan da ba a cika samu ba, irin su Black Lotus, wanda ba a biyan komai wajen ajiye shi amma yana ba da ƙwaya uku nan take. Wanda ya haɗa shi da Channel, mai mayar da makin rai makamashi, da kuma Fireball, yana iya kashe wasa kafin ɗayan ya ajiye ko da kati guda.

A 1994 hukumar shirya gasa ta kamfanin ta gindaya sharuɗɗan da har yau ake bi: dami kada ya gaza kati 60, kada a maimaita kati fiye da sau 4 in ban da filaye na asali, sannan wasu katuna masu tsananin ƙarfi guda ɗaya kawai aka yarda a saka. Waɗannan sharuɗɗa suka mayar da haɗa dami aikin lissafi. Wanda ya saka kati sau 4 cikin 60 yana da damar kusan kashi 40 cikin 100 ta ganinsa a hannun farko. Wanda ya saka guda ɗaya, damarsa ba ta kai kashi 12 ba. Shi ya sa ƙwararru ba sa son wuce 60, domin kowane ƙarin kati yana rage damar jan waɗanda suka fi amfani. Shi ya sa kuma yawan filaye ya zama abin muhawara, har aka fi natsuwa da kimanin 24 ga matsakaicin dami. In sun yi kaɗan, hannu ya cika da abin da ba a iya biya. In sun yi yawa, ga kuɗi ba haja.

Mutumin da ya fara shahara da tsararren tunani a wannan fage shi ne Brian Weissman. Daminsa, wanda aka sani da suna The Deck kawai, ya ginu ne a kan ra'ayin da ake iya kira rinjayen kati: duk wanda ya sa katinsa ɗaya ya cinye biyu na abokin karawa, ko ya ja fiye da shi, to daga ƙarshe zai bar shi hannu wayam. Don haka ya cika damin da katunan kariya da na soke yunƙurin abokin gaba, ya bar abin kai hari ɗan kaɗan, galibi Serra Angel guda biyu. Sai ya tabbatar ɗayan ba shi da sauran motsi, sannan ya sako mala'ikan ya gama aiki a tsanake. Tunanin ya yi tasiri ƙwarai, amma damin cike yake da katuna masu tsada, abin da ya ƙarfafa zargin cewa wasan na masu hali ne.

Amsar ta zo a 1996, shekarar da aka fara gasar ƙwararru ta Pro Tour. A wata gasar share fage a birnin Atlanta, Paul Sligh ya zo na biyu da wani damin jajayen katuna da abokinsa Jay Schneider ya tsara. Waɗanda suka ga jerin katunan sun ɗauka wasa ne. Akwai Ironclaw Orcs, mayaƙin da ba ya iya tare duk wani abokin gaba mai ɗan ƙarfi. Akwai Goblins of the Flarg, wanda dokarsa ta ce a zubar da shi da zarar mai shi ya mallaki mayaƙi daga jinsin Dwarf, kuma ga su nan a cikin damin. Yawancinsu katuna ne da masu tarawa ke watsarwa.

Abin da Schneider ya lura da shi shi ne, makamashin da ba a kashe a zagaye ba ya tafi ke nan, ba a ajiye shi don gobe. Sai ya jera katunansa kamar tsani: masu ƙwaya ɗaya da yawa, masu biyu ƙasa da haka kaɗan, masu uku ƙasa da su, masu tsada kuwa 'yan ƙalilan. Da wannan tsari, da wuya zagaye ya wuce bai kashe duk abin da filayensa suka ba shi ba. Abokin karawa mai jiran ƙwaya biyar don ya ajiye Serra Angel ya riga ya sha duka zagaye huɗu, sauran makinsa kuma katunan wuta irin su Lightning Bolt su ƙarasa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma sai yawan ya zo a kan lokaci. Wannan tsanin farashi ya zama abu na farko da ake dubawa a kowane dami, har a wasannin da suka biyo baya kamar Hearthstone.

Wannan shekarar dai ta koyar da darasi na uku. Katin Necropotence, mai ba mutum damar musanya makin rai da katuna, ya mamaye gasa har aka yi wa lokacin laƙabi da baƙin bazara. Tom Chanpheng na Ostireliya ya lashe gasar duniya ta 1996 da damin ƙananan fararen mayaƙa, cikinsu har da waɗanda dokarsu ta kare su daga baƙaƙen katuna, ya doke Mark Justice mai riƙe da Necropotence a wasan ƙarshe. Daga nan aka gane cewa ƙarfin dami ya dogara da abin da sauran mutane za su kawo zauren. Katuna 15 na ajiya, waɗanda ake iya musanyawa tsakanin wasa da wasa, suka zama wurin da ake gwada wanda ya fi karanta fage.

Intanet ta hanzarta yaɗuwar wannan ilimi. Shafin The Dojo ya riƙa tara jerin damin da suka yi nasara da rahotannin gasa, a can ne kuma Mike Flores ya wallafa maƙalarsa ta 1999 da ta nuna cewa a kowace karawa dole ɗaya ya zama mai kai hari ɗaya mai tsaro, kuma wanda ya kuskure matsayinsa ya faɗi ko da daminsa ya fi kyau. Kuɗi bai daina tasiri ba, domin har yanzu Black Lotus na cikin katuna mafiya tsada a duniya. Sai dai tun 1996 ba a ƙara iya cewa tsadar kati ita ce ma'aunin dami ba. Sunan da ya zauna a kan wancan salon kuwa na wanda ya riƙe katunan a Atlanta ne: har yau 'yan wasa na kiran irin wannan jan dami Sligh, ko da yake Schneider ne ya tsara shi.