Beppu: Garin Japan Mai Cin Abinci Da Ruwan Zafi

Beppu ƙaramin gari ne a jihar Oita, cikin tsibirin Kyushu da ke kudu maso yammacin Japan. Gabas da shi teku ce, yamma kuwa duwatsu. Mutanensa sun ɗan haura 110,000, kuma a 1924 ya samu matsayin birni.

Arzikin garin a ƙarƙashin ƙasa yake. Ruwan sama yana nutsewa a gindin duwatsu masu aman wuta, wato Tsurumi da Garan, zafin cikinsu ya dafa shi, sannan ya ɓullo ta tsagogin ƙasa. Akwai maɓulɓula da rijiyoyin ruwan zafi fiye da 2,000, kuma babu garin da ya kai shi yawan wannan ruwa a duk Japan. Da shi ake wanka, ake ɗumama gidaje; a unguwar Kannawa ma da tururinsa ake dafa ƙwai da kayan lambu.

Wuraren ziyara

1. Tafkuna bakwai da suke kira Jigoku, wato "jahannama". Na kallo ne kawai, ba na shiga ba. Umi Jigoku shuɗi ne, zafinsa kusan digiri 98. Chinoike ja ne kamar jini. Tatsumaki kuwa yana feso ruwa sama kusan duk bayan minti 30 zuwa 40.

2. Gidan wanka na Takegawara, wanda aka kafa a 1879. Ginin yanzu na 1938 ne. A nan ana rufe mutum da yashi mai ɗumi har wuya.

3. Dutsen Tsurumi mai tsayin mita 1,375. Ana hawansa da keken igiya.

Abin lura ga 'yan'uwa

A gidajen wankan jama'a tsirara ake shiga, maza daban, mata daban. Wanda wannan bai yi masa ba sai ya kama ɗakin wanka na iyali, ko ya yi wankan yashi, domin shi da riga ake yi. Garin yana da masallaci, kuma jami'ar Ritsumeikan APU da aka buɗe a 2000 kusan rabin ɗalibanta baƙi ne. Daga Fukuoka tafiyar kimanin awa 2 ce a jirgin ƙasa.

Sai dai ruwan nan yana da iyaka. In abin da ake zuƙa ya fi abin da sama ke mayarwa, zafi da ƙarfin rijiyoyi za su ragu. Shi ya sa hukumomi suka taƙaita haƙa sababbi a wasu unguwanni.